Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shaiha Moza Bint Nasir: A Sa Ɗakin Haihuwa Cikin Taron Doha Na 2028

Zuwa ga Mai Martaba Shaiha Moza bint Nasir, Shugabar Gidauniyar Katar, Doha.



Ranki ya daɗe, dalilin wannan wasiƙa shi ne taron ƙoli na duniya kan masu naƙasa da birninku zai karɓi baƙuncinsa a 2028. An yi na farko a Landan a 2018, Nowe da Gana suka shirya na biyu a 2022, aka yi na uku a Balin a watan Afrilun 2025, a can ne kuma aka sanar cewa na huɗu na Katar ne. Na san ba ke ce za ki tsara jadawalin zaman ba. Amma ke kika kafa cibiyar Shafallah ta yara masu naƙasa a 1999, lokacin da iyalai da yawa a yankinku ke ɓoye 'ya'yansu masu lalura a bayan ƙofa. Ƙasarki ce ta kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya shawarar ware ranar 2 ga Afrilu ga masu lalurar otizim, aka amince a 2007. A ƙarƙashin gidauniyarki asibitin mata da yara na Sidra ya fara kwantar da majinyata a 2018, da ke kuma aka buɗe taron Doha kan naƙasa da ci gaba a watan Disambar 2019. Wadda ta yi wannan, idan ta ce a duba abu, za a duba. Abin da nake roƙo a duba shi ne halin iyayen da naƙasar ɗansu ta samo asali daga wahalar haihuwa, domin uwa da jaririn da suka fito daga doguwar naƙuda majinyata biyu ne masu ciwo ɗaya, amma tsarin lafiya da na jin ƙai duk sun saba su raba su tun daga ƙofar sallama.

Jariri a ciki ta mabiyiya da cibiya yake samun iskar da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata. Duk lokacin da mara ta murɗa, jinin da ke isa gare shi yana raguwa na ɗan lokaci sannan ya dawo, kuma an halicce shi da iya jure wannan na wasu awoyi. Idan naƙuda ta kwana ta wuni kai bai sauko ba, ko mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci, ko cibiya ta riga shi fitowa, ko jijjiga ta kama uwar, sai juriyar ta ƙare. Ya faɗo shiru, jiki saɓule, leɓe ya yi duhu. A yayyafa masa ruwa, a buga tafin ƙafarsa, can ya yi wani ɗan kuka mara ƙarfi, kowa ya ce alhamdulillahi. Washegari ya ƙi kama nono, kafin dare ya fara fizge-fizge. Wani ƙiyasi da masana suka wallafa a 2013 ya nuna cewa a shekarar 2010 kaɗai jarirai kimanin miliyan 1.15 ne suka sami irin wannan taɓuwar ƙwaƙwalwa a lokacin haihuwa, kashi 96 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Kusan 287,000 sun rasu, fiye da 400,000 kuma sun rayu da naƙasa, babba ko ƙarama. Waɗanda suka rasu sun shiga lissafin mace-macen jarirai, ana kuma ambatonsu a kowane taro. Waɗanda suka rayu sun koma gida a hannun iyayensu, daga nan babu wanda ya sake jin labarinsu.

A Doha kusan kowace mace a asibiti take haihuwa, kuma matan da ke mutuwa a dalilin ciki ba su kai 10 ba a cikin haihuwa 100,000. A Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 75,000 ne suka rasu ta wannan hanya a 2023, fiye da rubu'in dukkan waɗanda suka rasu a duniya. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya gano cewa haihuwa 39 cikin 100 ce ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa 16 ce kawai, tiyatar ciro jariri kuma ba ta wuce 3 cikin 100 ba a faɗin ƙasar, abin da ke nufin mata da yawa masu buƙatarta ba sa samu. Dalilan sanannu ne ga duk Bahaushe. Akwai kunyar ɗan fari, da ke sa yarinya ta danne ciwo ta yi shiru har sai ya fi ƙarfinta. Akwai jiran maigida ya dawo ya ba da izini, da neman mota cikin dare a kan hanyar da damina ta cinye. In an isa asibitin ma, sai a miƙo wa miji takarda: safar hannu, auduga, ruwan ƙari, jini leda biyu, wani wurin har da man janareto. Yana can yana buga waya neman rance, ita tana kan gado, jaririn yana ciki iska tana yanke masa. Ina jaddada wannan ne saboda iyayen ba sa mantawa da waɗannan awoyi. Shekara goma bayan haka, uwar tana iya faɗa miki lokacin da aka iso da lokacin da aka shiga da ita, uban kuma yana tuna kuɗin da ya rasa a aljihunsa a daren, kowannensu yana tuhumar kansa a ɓoye.

Daga nan sai a yi suna, a ci a sha, 'yan barka su watse. Wata huɗu wuya bai tsaya ba, a ce ai ƙiba ce. Wata tara ba ya zama, hannu a dunƙule, ƙafafu suna harɗewa idan an ɗaga shi. Sai yawon neman magani ya tashi, daga kemis zuwa mai saiwa, daga mai saiwa zuwa mai hayaƙi. Wata tsohuwa ta ce ɗan ruwa ne, an musanya shi. Wata ta ce uwar ce ta yi wanka da magariba tana da ciki. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata abin da ya sami ɗanki ya faru ne a daren da kika haife shi, kuma ba laifinki ba ne. Ita kuwa a wannan lokacin ba ta gama warkewa ba, ga ɗinki, ga ƙarancin jini, ga firgicin da ke tashinta daga barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da lalurar damuwa bayan haihuwa. Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna cewa ciwon firgici mai biyo bayan mummunan abu yana kama kimanin mata 4 cikin 100 bayan haihuwa, amma a cikin waɗanda suka sha wuya ya ninka haka fiye da sau huɗu. Wannan matar ce ake sa ran za ta zama likitan gashin ɗanta. Ma'aikacin gashi a asibitin ƙashi na Dala ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano zai ga yaron na ɗan lokaci a mako ko a wata, sauran aikin duk a hannunta yake: yadda za ta jingina shi, yadda za ta miƙar da gaɓoɓinsa, yadda za ta ba shi kunu cokali-cokali na tsawon awa guda ba tare da ya sarƙe shi ba. Idan ta karye, shi ma ya tafi. Wani bincike da aka yi a karkarar gabashin Yuganda ya gano cewa mutuwa a cikin yara masu wannan shanyewar gaɓoɓi ta ninka ta sauran yara kusan sau 25, da yawansu kuma tamowa ta riga ta cinye su.

Ba a cika maganar uba ba, alhali shi ma yana cikin jinyar. Shi ya sa hannu a takardar tiyata, ko shi ya yi jinkirin sa hannun. Shi ya sayar da akuya ko ya jinginar da gona, bashin yana nan bai biya ba sai ga kuɗin gashi da na maganin farfaɗiya kowane wata. Al'ada ba ta ba shi wurin kuka ba, saboda haka wani ya yi shiru ya daina shiga ɗakin, wani ya ƙara aure don neman lafiyayyen ɗa, wani ya yi saki, uwar ta koma gidan iyayenta da goyon da ba ya sauka daga baya. Akwai kuma waɗanda suka tsaya tsayin daka, suna goya yaro a babur zuwa asibiti shekara da shekaru, babu shirin da ya san da zamansu. Idan uwa ta sake haihuwa, sai a cire babbar 'ya daga makaranta ta riƙe ɗan'uwanta. Ranki ya daɗe, gidauniyarki ta Education Above All, da kika kafa a 2012, tana neman yaran da ba sa makaranta ne ta mayar da su aji. A irin wannan gida yara biyu ne suka rasa karatu, kuma sanadin ya faru ne shekaru kafin ɗayansu ya isa shiga aji ɗaya.

Giɓin a bayyane yake. Shirye-shiryen lafiyar mata suna ƙarewa ne da arba'in, nasararsu kuma ita ce uwa ta fita da rai, jariri ya fita da rai. Shirye-shiryen masu naƙasa suna farawa ne lokacin da yaro ya isa makaranta, ko ya isa a yi masa rajista a ba shi keke. Tsakanin nan akwai shekara biyu zuwa biyar da ba na kowa ba, kuma su ne shekarun da ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar horo, su ne kuma shekarun da aure ke mutuwa a cikinsu. Ƙasar Hausa ta taɓa nuna cewa ana iya bin sawun wadda haihuwa ta raunata. Tun cikin shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya mayar da asibitin Babbar Ruga na Katsina cibiyar ɗinkin yoyon fitsari, aka sami sashen Laure a asibitin Murtala na Kano, aka buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi a 2012. Ana yi wa mace aiki, a ba ta masauki, a koya mata sana'a, a mayar da ita cikin mutane. Galibin waɗannan mata jariransu ba su zo da rai ba. 'Yar'uwarsu da ta sha irin naƙudarsu, amma nata jaririn ya rayu da rauni a ƙwaƙwalwa, ita ce ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Abin da ya kamata a gwada mai sauƙin faɗa ne: duk jaririn da bai yi kuka ba a minti na farko, ko aka kwantar da shi saboda fizge-fizge ko shawara mai tsanani, a buɗe masa kati ɗaya shi da uwarsa, a bi su tare har shekara biyu. Duk ranar rigakafi a duba motsinsa, a kuma tambayi uwar barcinta da cin abincinta da halin da take ciki da mijinta. Likitoci yanzu suna iya gane alamun wannan lalura kafin yaro ya cika wata shida, ta hanyar lura da motsinsa, ba sai da babbar na'ura ba.

Na san ƙorafi na farko daga wajen masu naƙasa kansu zai fito, kuma ƙorafi ne mai nauyi. Sun shafe shekaru suna fafutukar a daina kallonsu a matsayin cuta da za a yi wa rigakafi, a fara kallonsu a matsayin mutane masu haƙƙi, kuma suna tsoron idan aka shigo da likitoci da ɗakin haihuwa cikin taronsu, za a koma gidan jiya. Ban raina wannan tsoro ba. Sai dai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda Katar ta amince da ita a 2008, ita da kanta a sashe na 25 ta wajabta gano lalura da wuri da ɗaukar mataki da wuri, a sashe na 23 kuma ta wajabta bai wa yaro mai naƙasa da iyalinsa bayani da tallafi tun da wuri, don kada a ɓoye shi ko a yasar da shi. Jaririn wata shida ba ya zuwa taro, ba ya shiga ƙungiya, ba ya kai ƙara kotu. Duk haƙƙin da aka rubuta masa ta hannun uwarsa zai iso gare shi, in ya iso. Kuma cewa kada a bar mace ta kwana biyu tana naƙuda babu likita bai rage darajar yaron da aka riga aka haifa ba ko kaɗan. Sanarwar Amman da Balin da aka fitar a taron 2025 ta nemi kashi 15 cikin 100 na ayyukan raya ƙasa su riƙa tafiya da masu naƙasa. Ayyukan lafiyar mata da jarirai suna cikin manyan ayyukan raya ƙasa a Afirka, kuma ta wannan hanya ce za su cika nasu kason.

Likitoci ma za su ce ba kowace shanyewar gaɓoɓi ce daga naƙuda take ba, kuma a ƙasashe masu arziki ƙarancin iska lokacin haihuwa ɗan ƙaramin kaso ne na sanadinta. Gaskiya ne. Amma rahotannin asibitocin Najeriya sun sha nuna cewa a nan shi ne kan gaba, sai shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, sai sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Katin da nake magana a kai zai kama na farko da na biyu. A nan kuma ya kamata a yi hattara da wani kuskure da masu kuɗi ke yawan yi, wato aiko da na'ura. A manyan asibitocin ƙasashe masu arziki, jaririn da ya sha wuya ana sanyaya jikinsa na awa 72, a fara cikin awa 6 na farko, kuma yana rage naƙasa. Da aka gwada wannan a kan jarirai 408 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bai rage naƙasa ba, mutuwa ma ƙaruwa ta yi, kashi 42 cikin 100 a waɗanda aka sanyaya, 31 a waɗanda ba a sanyaya ba. Abubuwan da suka yi aiki a wurare irin namu masu araha ne. A asibitoci takwas na Tanzaniya an koya wa ungozomomi busar da jariri da hura masa iska da 'yar robar hannu cikin minti na farko, mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin 100. A Yuganda shirin Baby Ubuntu yana tara iyayen irin waɗannan yara, uwa da ta riga ta goge ita ke koya wa sababbi ciyarwa da zaunarwa da wasa. A Rawalpindi ta Pakistan ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida sun rage ciwon damuwar masu jego da fiye da rabi ta hanyar zama da su da tattaunawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin a 2015. Kowanne an gwada shi shi kaɗai. Haɗa su wuri ɗaya, a kan uwa ɗaya da ɗa ɗaya, shi ne aikin da ke neman mai ɗaukar nauyi. Ya kuma zama dole, domin duk lokacin da aka ƙware wajen farfaɗo da jarirai, wasu daga cikin waɗanda aka ceto za su rayu da rauni.

Wani zai ce ai wannan aikin Abuja ne da Yamai, me ya haɗa shi da Doha? Ba na wanke gwamnatocinmu. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma na tarayyar Najeriya yawanci tsakanin 4 da 6 yake yawo. Nijar ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce tun 2005, jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ma kyauta tun 2006, sai asibitoci suka yi ta bin gwamnati bashin kuɗin. Najeriya ta sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a watan Janairun 2019, ministan lafiya Muhammad Ali Pate kuma ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a watan Nuwamban 2024. Takardu dai akwai su. Ba a roƙon Katar ta biya albashin ungozomominmu. Abin da gwamnatocinmu ba sa iya yi shi ne kashe kuɗi a kan gwaji, abin da suka fi jin kunya kuma shi ne a tambaye su alƙaluma a gaban duniya. Mai masaukin taro yana da ikon duka biyun. Gwaji na shekara biyu a manyan ɗakunan haihuwa na Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, wanda jami'o'in wuraren za su gudanar, zai iya kawo sakamako kafin baƙi su sauka a Doha.

Da izininki kuma, akwai abin dubawa a gida. Dokar ma'aikatan gwamnati ta Katar ta 2016 ta bai wa ma'aikaciya 'yar ƙasa damar ɗaukar hutu da albashinta don kula da ɗanta mai naƙasa, kuma wannan abin koyi ne da ya kamata a gaya wa duniya. Amma 'yan ƙasa ba su kai kashi 15 cikin 100 na mazauna Katar ba. Matar da ke aiki a kamfani, dokar ƙwadago ta 2004 kwana 50 ta yanke mata na hutun haihuwa da albashi. Idan jaririnta ya yi wata guda a kwalba, saura mata kwana ashirin. A Kano ko Zariya komai talauci akwai kaka da gwaggo da za su karɓi goyo na yini guda. Baƙuwa a Doha, ko daga Kerala ta zo ko daga Manila ko daga Kaduna, ba ta da wannan, izinin zamanta kuma a ɗaure yake da aikinta ko na mijinta. Asibiti mai kyau ya ceci ɗanta, amma wa zai riƙe shi ranar da hutun ya ƙare? Mai masaukin da ya gyara wannan kafin 2028 zai yi wa baƙinsa magana da cikakken baki.

Saura masu cewa ƙaddara ce, sai haƙuri. Ƙaddara ce, babu musu, kuma iyayen nan sun fi mai faɗa musu sanin haƙuri. Amma Alƙur'ani da ya ba da labarin naƙudar Nana Maryamu bai ɓoye cewa wahala ta kai ta ga fatan mutuwa ba, kuma abin da ya biyo baya lallashi ne da ruwan sha da ɗanyen dabino. Al'ummar da ke karanta wannan labari ba ta da hujjar sallamar mai jego da kalmar haƙuri kaɗai.

Ranki ya daɗe, mu Hausawa mukan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kina da taron lafiya na WISH da ke zama a Doha tun 2013, kina da Cibiyar Nazarin Iyali ta Doha, kina da likitocin Sidra. Ki umarce su su haɗa hannu da jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi su fitar da rahoto kan halin waɗannan iyaye kafin taron, a kuma ɗauki nauyin gwajin kati ɗaya ga uwa da ɗa. Idan ranar ta zo, a ware zama guda a babban zaure, kada a tura shi ɗakin gefe, a zaunar da iyayen kansu a kan mumbari, mata da maza, da tafinta, su yi magana da harshensu, tunda mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. A biya musu kuɗin jirgi, a kuma tanadi wanda zai riƙe musu yaran, domin in ba haka ba babu wadda za ta iya zuwa.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Wassalam.